Awa 35 da Suka Wuce Kafin a Haifi Bakwainin Agege

A ɗakin jarirai na asibitin da nake aiki a Legas ni kaɗai ce nas mai jin Hausa. Saboda haka duk ranar da aka kawo mutumin arewa da Turanci da Yarbanci suka gagare shi, ni ake aikowa a kira. Haka aka yi wata Asabar, bakwai saura 'yan mintuna na safe, ina shirin miƙa aiki in tafi gida. A bakin ƙofa na tarar da wani matashin magidanci sanye da dogon takalmin roba irin na mahauta, kusa da shi wata dattijuwa rungume da ƙunshin zannuwa. Sai da na kware zani na uku kafin na ga ɗan da ke ciki.

Namiji ne. Muka ɗora shi a sikeli, kilo 1.4. Zafin jikinsa digiri 34.2, alhali jariri ana so ya tsaya tsakanin 36.5 da 37.5. Tafin ƙafarsa kamar an ciro shi daga randa. Duk numfashin da zai ja sai haƙarƙarinsa ya lotsa ciki, ya saki wani siririn nishi. Sukarin jininsa ma ya yi ƙasa. Takardar da suka zo da ita falle ɗaya ce, layi biyu, ba lambar waya, ba a ko rubuta ƙarfe nawa aka haife shi ba.

Sauran labarin a hankali na tattara shi, daga uwar, da mijinta, da maƙwabciyar da ta ɗauko yaron, da katin awo. Sun yarda in rubuta bisa sharaɗin kada in kama suna, kuma asibitocin da abin ya ratsa su ma ba zan ambace su ba.

Alhamis, bayan la'asar

Ita uwar, yarinya ce 'yar shekara 19, cikin fari. Daga wani ƙauye a yankin Funtuwa aka kawo ta Agege, inda mijin ke aikin fawa a abbatuwar Oko-Oba. Ta fara awo a wata na biyar, an yi mata hoton ciki sau ɗaya. Shirinsu shi ne cikin ya shiga wata takwas a sa ta a mota ta tafi gida goyon ciki, ta haihu gaban uwarta kamar yadda aka saba. Bisa lissafin katin, ranar Alhamis ɗin nan cikin yana mako 31.

Wajen ƙarfe huɗu tana wanke-wanke ta ji ruwa ya biyo ƙafarta. Ba ciwo, ba jini. Kunyar ɗan fari ta hana ta faɗa wa mijinta, sai ta leƙa ɗakin maƙwabciyarsu, wadda duk gidan ke kira Inna. Inna ta duba ta ce zaƙi ne, gara ma ya zube tun yanzu, haihuwa za ta zo da sauƙi. Ta jiƙa mata magani ta sha.

Ba na ganin laifin Inna yadda wasu abokan aikina suka gani. Ta haifi takwas a ɗaki, ta karɓi haihuwar da ba ta san adadinta ba, kuma abin da ta gada ke nan: ruwan da ke zuba kafin naƙuda zaƙi ne. Amma wannan ba zaƙi ba ne. Faya ce ta fashe saura mako tara. Daga wannan lokaci ƙofar da ke tsare ɗa daga ƙwayoyin cuta ta buɗe, kuma mafi yawan matan da hakan ta samu ba sa cika mako guda ba su haihu ba.

Mu Hausawa duk ɗan da ya zo kafin lokaci bakwaini muke ce masa. A asibiti da mako ake lissafi, domin mako ɗaya ma ba wasa ba ne. Cikakken ciki mako 40 ne, duk wanda ya fito kafin 37 bai isa ba. A cikin huhun ɗa akwai wani ruwa mai santsi kamar kumfar sabulu, likitoci na ce masa safaktan, shi ke hana ƙananan jakunkunan iska mannewa bayan an fitar da numfashi. Sai wajen mako 34 zuwa sama yake wadata. Ɗan mako 31 yana da shi amma kaɗan, shi ya sa kowane numfashi yake zame masa kamar hura sabon balan-balan. Nishin nan da na ji ƙoƙari yake kada huhun ya rufe. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a ƙasashe matalauta rabin jariran da aka haifa a mako 32 ko ƙasa da haka mutuwa suke yi, don rashin abubuwa masu sauƙi irin su ɗumi, taimakon shayarwa, maganin ƙwayoyin cuta da taimakon numfashi, alhali a ƙasashe masu arziki kusan dukkansu suna rayuwa. Daga baya kakar yaron ta ce mini ai bakwaini ya fi ɗan wata takwas rayuwa. Na sha jin wannan magana, amma ba haka ba ne. Duk kwanan da ɗa ya ƙara a ciki riba ce.

Daga ƙarfe huɗun Alhamis zuwa lokacin da aka haife shi awa 35 ne, ba 'yan mintuna. A nan nake son mai karatu ya tsaya, domin a ganina a nan aka yi babbar asara, tun kafin dare ya shigo cikin maganar.

Da a ce ta isa babban asibiti a yammacin nan, akwai allurar da ake yi wa uwa don huhun ɗa ya yi saurin nuna. Deksametason sunanta, miligiram 6 duk bayan awa 12, sau huɗu. Ba sabuwa ba ce, ba kuma mai tsada ba. Wani likita a Niyu Zilan mai suna Graham Liggins ne ya fara lura da amfanin irin wannan magani a jikin 'ya'yan tumaki, sannan shi da Ross Howie suka gwada a kan mata suka buga sakamakon a 1972. Na faɗa wa mijin wannan, shi da ke wuni cikin tumaki, ya yi shiru yana kallona. A 2020 aka fitar da sakamakon wani babban gwaji da Hukumar Lafiya ta Duniya ta jagoranta a asibitocin Najeriya, Kenya, Indiya, Pakistan da Bangladash, a kan mata 2,852 masu ciki daga mako 26 zuwa ƙasa da 34. Jariran da aka yi wa iyayensu allurar kashi 19.6 cikin ɗari suka rasu, waɗanda ba a yi wa ba kashi 23.5. Wato a duk mata 25 da aka yi wa, an tsirar da ɗa guda. Cikin awa 35 da ta samu uku daga cikin huɗun. Da an fara mata maganin ƙwayoyin cuta da kan jinkirta naƙuda bayan fashewar faya. Da naƙudar ta taso, da an ba ta maganiziyam salfet da ke kare ƙwaƙwalwar ɗan da bai kai mako 32 ba.

Kada wata ta karanta wannan ta aika kemis. Allurar tana da sharuɗɗa: a san makon cikin da tabbaci, a tabbatar uwa ba ta kamu da cuta a mahaifa ba, a kuma yi ta inda akwai ɗakin kula da bakwaini. Shi ya sa maganar ta koma kan wuri. Da ta zo ranar Alhamis da ƙafarta, da an haifi yaron taku ashirin daga gadonmu mai ɗumama jarirai. Ba kwalbar renon bakwaini da ta kai cikin uwa kyau wajen ɗauko ɗa zuwa asibiti.

Juma'a ta wuce haka. Miji ya fita tun asuba, ya yi masallaci, ya dawo bayan magariba. Ita kuma ta wuni tana canja ƙunzugu, baya na ɗan riƙe mata yana saki. Ƙaramin asibitin da take awo tafiyar minti goma ne a Keke, kuma a buɗe yake duk yinin. Da na tambaye ta me ya hana ta zuwa, ta sunkuyar da kai ta ce ranar awonta Talata ce, kuma ba ta nemi izini ba. Na ce mata, "Ƙanwata, ranar wanka ba a ɓoyon cibi." Ban ji daɗin yadda na faɗa ba, don ba ita kaɗai ta ɓoye ba. A wurin awo ba wanda ya taɓa zaunar da ita ya gaya mata da harshen da take ji cewa zubar ruwa, ko jini, ko ciwon kai mai tsanani, ba sa jiran Talata.

Dare

Naƙuda ta kankama wajen sha ɗaya. Sai da ta kasa daurewa Inna ta buga wa mijin ƙofa. Layinsu, kamar layuka da yawa a Legas, yana da get da ake garƙamewa da tsakar dare. Maigadin ɗan arewa ne, sun san juna, amma ya zagaya da makullin, sai da aka neme shi. Keke kuma sai da aka tashi wani maƙwabci daga barci. Ƙarfe ɗaya ta wuce kafin su bar layin, kuma a yanayin da take ciki ba wanda ya yi tunanin babban asibiti. Suka faɗa asibitin kuɗi mafi kusa.

Mutum ɗaya suka tarar, wata mai taimaka wa nas. Likita yana gida, an kira shi, yana hanya. An ɗauke wuta, janareta kuma ba a tayar da shi da dare sai in tiyata za a yi. Da fitilar caji da hasken wayar mijin aka karɓi haihuwar, uku saura minti ashirin.

Ɗan bai yi kuka ba. Inna ta ce matar ta ɗaga shi ta ƙafa ta bubbuga masa baya, ta murza tafin ƙafarsa, ta ɗauko jakar hura iska, sai dai abin da ake kifawa a hanci da baki na babban yaro ne, ya rufe masa har ido, iska na fita ta gefe. Ba wanda ya duba agogo. Can dai ya motsa ya fara nishi. Aka goge shi da man zaitun tas, fanka mai caji na kaɗawa saboda uwar na gumi, sannan aka naɗe shi.

A aikinmu akwai abin da muke kira minti na zinariya, daga wani shirin horo da ƙungiyar likitocin yara ta Amurka ta fito da shi a 2010. Ɗa ya faɗo, a tsane shi, a cire jiƙaƙƙen zani, a murza bayansa, in bai yi numfashi ba a fara hura masa iska kafin minti ɗaya ya cika. Kusan ɗaya cikin jarirai goma na buƙatar wani taimako kafin ya fara numfashi. Wannan aiki ba ya son wuta, ba ya son likita ma. Hannu yake so wanda ya saba, da marufi daidai fuskar ɗan, da mutum na biyu da zai kula da uwa. Matar nan ita kaɗai ce, ga uwa na zubar da jini mabiyiya ba ta faɗo ba, ga ɗa ba ya numfashi. Na yi aikin dare shekaru, na san wannan tsayuwa tsakanin gado biyu, ba zan zage ta ba. Wanda ya buɗe asibiti ya rubuta a allo cewa ana karɓar haihuwa dare da rana, sannan ya bar mutum ɗaya a duhu, shi ya kamata a tambaya.

Bambancin dare da rana ba a Legas ya tsaya ba. A 2010 mujallar likitoci ta BMJ ta buga wani nazari a kan haihuwa sama da miliyan ɗaya a Sikotilan daga 1985 zuwa 2004, duka jariran da suka cika watanninsu. Waɗanda aka haifa Litinin zuwa Juma'a tsakanin tara na safe da biyar na yamma, 4.2 cikin dubu goma suka rasu a makonni huɗun farko. Na sauran lokuta 5.6. Kuma ƙarin ya fito ne daga mace-macen rashin iskar oksijin lokacin haihuwa, wato daidai irin matsalar da saurin hannu ke warwarewa. Wannan a ƙasar da ba a ɗauke wuta ke nan. A Najeriya binciken lafiya na ƙasa na 2018 ya nuna jarirai 39 cikin dubu ba sa cika wata guda.

A yi lissafi kuma. Mako awa 168 ne, lokacin ofis 40 kacal. Sauran 128, fiye da kashi uku cikin huɗu, yamma ne ko dare ko sassafe, ko Asabar da Lahadi. Naƙudar da ta zo da kanta kuwa kowace ungozoma ta san ta fi son tsakar dare zuwa asuba. Ashe abin da muke kira "bayan tashi daga aiki" shi ne ainihin lokacin da aka fi haihuwa, mu kuma muka tsara ma'aikata kamar na sakatariya. Gaskiya ne wani ɓangare na bambancin daga irin haihuwar yake: tiyatar da aka shirya da rana ake yi, ta gaggawa kuwa ba ta zaɓen lokaci. Amma wannan hujja ce ta a ƙarfafa dare, tunda masu wuyar a nan suke taruwa. Mu kanmu a ɗakinmu hannun da ke aiki da dare bai kai na safe ba, kuma kowace shekara sai mun yi walimar sallamar wata da ta samu aiki a Ingila ko Saudiyya.

Likitan ya iso bayan uku da rabi, ya duba yaron ya ce wannan ya fi ƙarfinsu. Ya yi gaskiya. Sai dai ba motar asibiti, ba a buga waya ko'ina an tambayi gado ba, kuma sai da aka daidaita maganar kuɗi. Legas tana da lambobin gaggawa na kyauta, 112 da 767, amma a cikinsu ba wanda ya san da su. Uwar aka bari a kwance ana mata ƙarin ruwa, Inna ta rungumi ɗan a Keke mai buɗaɗɗen gefe, cikin iskar asuba. Haihuwar guzuma, ɗa kwance uwa kwance, kuma kowa da garinsa.

Alheri ɗaya da daren ya yi musu shi ne hanya. Da safiyar Litinin ce, da gosulon titin Abekuta zuwa Oshodi kaɗai ya ishe su. Asibitin farko da suka je aka ce duk kwalabe a cike suke. Mu ne na biyu. Awa huɗu da haihuwarsa ya iso hannunmu, kuma a cikin awa huɗun nan ne ya yi asarar zafin jikinsa. Bakwaini ba shi da kitse, fatarsa sirirya ce, kansa babba. Sanyi na sa shi ƙone ɗan sukarin da yake da shi, yana kuma ƙara lalata aikin safaktan ɗin da dama bai isa ba. Zani uku ba sa samar da zafi, tsare wanda ke akwai kawai suke yi. Da Inna ta sa shi tsirara a ƙirjinta, fata da fata, da hula a kansa, ta ɗaura zani a kai, da ya iso da ɗuminsa.

Makonni biyar

Muka sa shi ƙarƙashin na'urar ɗumi, aka ba shi ruwan sukari ta jijiya, aka haɗa masa sifaf, wato bututun hanci mai tura iska a hankali don huhu ya zauna a buɗe, aka fara maganin ƙwayoyin cuta. Maganin kafeyin (sinadarin da ke cikin kofi) da ke hana bakwaini mantawa da numfashi sai da uban ya zaga kemis uku kafin ya samo, kasancewar Asabar ce. Uwar ta iso ranar Lahadi da yamma, muka koya mata tatsar nono ana ba shi ta siririn bututu. Kwana uku shawara ta fito, aka sa shi a fitila. Kwana biyar ya ɗauke numfashi sau biyu a dare ɗaya, aka canja magani. Hoton kai ya nuna ɗan zubar jini a cikin ƙwaƙwalwa, mara yawa.

Asabar ta zagayo aka yanka rago a Agege, liman ya raɗa suna, mai sunan yana kwance da bututu a hanci. Kakarsa ta wajen uwa ta iso a motar dare, kuma da ita muka yi dambarwar da ta fi kowace tsawo. So take ta tafi da 'yarta gida a fara wankan jego, ga kunun kanwa, ga ganyen darbejiya ta taho da shi tun daga Funtuwa.

"Ke 'yar nan," ta ce mini, "mai jego kwana bakwai ba ruwan zafi? So kuke ta kumbura?"

Na ce, "Hajiya, a yi mini haƙuri. Jikanki ba shi da murhu sai ƙirjin uwarsa. In ta tafi, wa zai ɗumama shi?"

Na nuna mata wata Bayarabiya a gadon gefe da ɗanta ɗaure a gaba. Goyon kangaru ke nan, wanda aka faro a Bogota ta ƙasar Kolambiya a 1978 saboda ƙarancin kwalabe. Wani gwaji da aka buga a 2021, wanda asibitin koyarwa na Ile-Ife na cikin wuraren da aka yi shi, ya nuna fara shi nan take ga jarirai masu kilo 1 zuwa ƙasa da 1.8 ya rage mutuwa daga kashi 15.7 zuwa 12 cikin ɗari. Hajiya ba alƙaluma suka shawo kanta ba. Hannu ta sa a bayan ɗan Bayarabiyar ta ji ɗumi, ta ce, "Au, goyo ne dai aka juyo da shi gaba." Muka shirya a kan za a riƙa kawo ruwan zafi a fulas uwar ta gasa jikinta a banɗakin asibiti, kunu kuma a rage masa kanwa. Daga baya ita Hajiyar ce ke karɓar goyon in 'yarta za ta yi wanka.

An sallame su yana da kilo 1.85. Uban ya sayar da babur ɗinsa, 'yan'uwansa mahauta suka yi masa karo-karo. An duba idonsa saboda oksijin da ya sha, an gwada jinsa, duka lafiya. Zubar jinin nan ce ta sa likita ya ce a riƙa kawo shi har ya shekara biyu, a ga zamansa da rarrafensa da tafiyarsa, ana lissafa shekarunsa daga ranar da ya kamata a haife shi.

Zuwansu na baya-bayan nan yana da wata bakwai. Yana riƙe wuya, yana bin fuska da ido, yana dariya. Hannunsa na hagu ya fi zama a dunƙule fiye da na dama, an tura su wurin masu gashin ƙashi duk ranar Laraba. Inna ce ta rako su. Kafin su tafi ta jawo ni gefe ta ce akwai wata amarya a gidansu mai ciki wata shida, in rubuta mata a takarda asibitocin da ke da kwalba a kusa da Agege, da lambar da ake kira, za ta ba maigadin layinsu ya ajiye tare da makullin.